Jikata Ta Zama Misali a Kan Allo

Assalamu alaikum, Hajiya Hafsatu.

Ki taimake ni da shawara don Allah, domin na rasa wanda zan tambaya a garin nan ba tare da maganar ta zaga kasuwa ba. Ban taɓa zaton zan rubuto wa fili irin naki ba. A da ni ake kawo wa takarda in karanta, in faɗi abin da za a yi. Yau ga ni na haura sittin, yanar ido ta fara rufe mini ido ɗaya, ina roƙon wadda ban taɓa gani ba ta gaya mini yadda zan yi da yarinya 'yar shekara goma sha uku. Na sauya sunayen mutanen da zan ambata, ko da yake duk wanda ke unguwarmu a Matamaye zai gane.

Kafin in shiga maganar, bari ki san wanda ke rubuto miki, kada ki ɗauka wani tsoho ne da bai san darajar lakwal, wato makarantar boko, ba. Na san ta fiye da masu cin abinci da ita yau. A zamaninmu, idan an gama jarrabawa akan tara mu a fili a kira sunaye daga na ɗaya har na ƙarshe, kuma tun daga firamare har na gama kolej sunana ake fara kira. Na yi lise, babbar sakandare, a Damagaram, na tafi jami'a a Yamai na karanta Ingilishi. Na yi wa wasu Turawa masu haƙa rijiyoyi tafinta a ƙauyukan Kance, shekara da shekaru. Da aikinsu ya ƙare suka naɗe kayansu, suka bar mini takardar yabo. Na yi ta yawo da takarduna daga wannan ofis zuwa wancan har suka yi laushi kamar tsumma. Wanda yake leƙen takardata a aji yau yana da bene a Yamai, idan ya zo ta'aziyya ta tagar mota yake miƙo mini hannu. Ni kuwa gadin garkar rake ta ƙanena nake yi, ina korar awaki, abin da ya ga dama ya ba ni. To ba jahilci ke magana ba.

Yarinyar zan kira ta Anisa. 'Yar ɗana Idrisa ce. Shi yana Aljeriya wajen aikin gini, akan daɗe ba a ji muryarsa ba. Sun rabu da uwarta, ta yi wani aure a Dawce. Tun tana ƙarama take hannunmu, ni da matata wadda kowa ke kira Iya. Anisa tana da i'ina. Idan kalma ta maƙale mata sai ta runtse ido, haɓarta tana rawa, har ta samu ta fito. Mu a gida mun saba. Amma kanta yana ja, wannan ba son kai ba ne. Tun kafin ta shiga kolej take bina garka da yamma, tana nuna abu tana tambayata sunansa da Ingilishi: rijiya, guga, rake, tsuntsu. A duk zuriyata ita kaɗai ce ta taɓa tambayata abin da na sani. A can ne ma na lura da wani abu: idan muka haɗa murya muna karatu tare, ni da ita, harshenta ba ya sarƙewa ko kaɗan.

Bana tana aji na biyu a kolej, wanda muke ce wa sankiyam. Mushen Ingilishinsu, wato malamin, wani saurayi ne ɗan kwantaragi, ba ɗan garin nan ba, zan kira shi Adnan. Yaran ajin sun kusa ɗari, littafi babu. Abin da mushe ya rubuta a allo shi za su kwafa a kaye, littafinsu na rubutu, su haddace.

Bayan hutu suka zo kan darasin kwatanta yadda ake yin abu: wane ya yi, wane ya fi shi, wane ya fi kowa. Darasi ne mai sauƙi, ni a zama ɗaya zan koya wa yaro shi. Gajerun kalmomi a ƙara musu wutsiya, dogaye a sa musu wata kalma a gaba, sai 'yan kaɗan masu taurin kai da dole a haddace su. Shi ke nan. Amma wai yanzu an koya wa malamai su riƙa ɗauko misali daga cikin aji don yara su gani da idonsu. Sai Adnan ya fitar da yara uku fili ya sa su tsere, ya dawo ya rubuta sunayensu da fast, faster, fastest. Aji ya ji daɗi, aka yi ta shewa. Da aka zo kan dogayen kalmomi ya tayar da wani yaro Marwan, da Sadiyya 'yar maƙwabcinmu, da Anisa, ya ba kowannensu layi ɗaya ya karanta da ƙarfi. Biyun farko suka karanta. Anisa ta maƙale a kalmar farko. Ya tsaya yana jira, aji yana jira, har ta kai ƙarshe da ƙyar. Sai ya juya ya rubuta a allo: Marwan reads slowly. Sadiyya reads more slowly. Anisa reads the most slowly. Wato Marwan yana da nawar karatu, Sadiyya ta fi shi, Anisa ta fi kowa. Duk wannan daga bakin Sadiyya na ji shi daga baya, da na matsa mata.

Ke da kika yi lakwal kin san abin da aka rubuta a allo a ƙasar nan ba ya mutuwa. Ya kwana a allon mako guda, saboda wasu yaran sai sun jira aron biro. Kowa ya kwafa. Duk ranar Ingilishi da shi ake buɗe darasi, aji gaba ɗaya su faɗa da murya ɗaya. Kuma mushen yana da wasu azuzuwan sankiyam, ya kai musu misalan yadda suke, da sunayen da komai, don ba shi da wasu. Da aka yi musu gwaji, jumlolin nan ne suka fito, an cire kalma an ce su cike. Anisa ta miƙa takardarta fara fat.

Ga abin da ya fi ci mini rai. Duk wanda ya yi shiru lokacin haddar, durƙusawa ake sa shi. To ita ma tana faɗa tare da su. Kuma da yake da murya ɗaya ake yi, harshenta ba ya sarƙewa. Jumla guda da take iya faɗa a ajin nan sumul, ita ce wadda ake ci mata mutunci da ita.

Ni duk ban sani ba. Na dai ga ta daina zuwa garka, na ɗauka girma ne ya zo. Sai wata rana bayan la'asar ina zaune a ƙofar gida, ta fita ɗebo ruwa a famfo, na ji yara a bayan katanga suna rera jumlolin nan uku da tafi kamar waƙar gaɗa. Maƙwabcina da muke zaune tare ya yi murmushi, ya ce ashe dai lakwal tana aiki, ga yara suna Ingilishi a kan titi. Iya ma daga cikin gida ta sa musu albarka. A duk layinmu ni kaɗai ne babban da ya san abin da suke faɗa. Amfanin karatuna ke nan a ƙarshe, Hajiya: in ji ana zagin jikata da yaren da babu mai tsawatarwa a kansa. Har sun yanko ƙarshen jumlar sun yi mata suna da shi, Mosuloli. Yaran da ba su taɓa taka lakwal ba ma haka suke kiranta.

Washegari na sa rigata ta sallah na tafi kolej. Ban bi ta ofishin darakta ba, na san zaman jira kawai za a ba ni, na ƙoshi da zaman benci a rayuwata. Na shiga ajin kai tsaye ana cikin darasi. Na yi wa Adnan magana da Ingilishi, irin wanda ya kamata mai koyar da shi ya ji. Ya tsaya yana kallona, ya fara amsawa ya kakare, ya koma Faransanci. Na ƙi binsa. Na dubi allo na ga kurakurai har uku a abin da ya rubuta a ranar, na karɓi allin daga hannunsa na gyara su ɗaya bayan ɗaya. Sannan na ce tunda misali daga cikin aji yake so, bari in ba shi na gaskiya. Na rubuta jumla uku da well, better, best: mushe yana jin Ingilishi, Anisa ta fi shi, ni na fi kowa. Na sa yaran suka karanta. Suka karanta, suka fashe da dariya, suna bugun tebur. Shi kuwa ya koma gefe ya tsaya. Ba zan ɓoye miki ba, na daɗe ban ji sanyi a raina irin na wannan lokaci ba. Sai mai kula da ɗa'ar yara ya zo ya riƙe mini hannu ya raka ni bakin ƙofa, kamar wanda ya zo sata. Da zan fita na hango Anisa ta kifa kai a tebur, ta ja hijabi ta rufe fuska.

Tun daga ranar ba ta sake komawa ba. Ta daina zuwa Islamiyya. Idan aka aike ta shago da yatsa take nuna abin da take so. Iya ce kaɗai takan ji kalma ɗaya ko biyu daga bakinta, a hankali. Ni kuwa idan na shigo gida sai ta tashi ta shige ɗaki. Abinci ma sai an yi da gaske. Kin ga yadda suka karya mini yarinya.

Yanzu darakta ya aiko shugaban ƙungiyar iyayen yara da saƙo. Wai ba a kori Anisa ba, amma jarrabawar zango ta kusa, idan ba ta zauna ba za a cire sunanta. Wai kuma ni sai na je na ba mushe haƙuri a gaban sauran malamai kafin a rufe maganar. Ni. In ba yaron da bai kai ɗana ba haƙuri, wanda bai iya harhaɗa jumla biyu ba, wanda shi ya fara. Iya tana ta kuka tana cewa in je, ai ba a rage ni da komai ba. Ita ba ta san abin da ya rage mini ba. Ban da gona, ban da fansho, ban da kujera a ko'ina. Abu ɗaya gare ni: na san abin da na sani, kuma ban taɓa sunkuya wa wanda bai sani ba.

Ina da 'ya, Zulaiha, tana aure a wani ƙauye wajen Kurni. Ta ce a kawo mata Anisa ta taya ta rainon yara da aikin gida. Can babu kolej, kuma babu mai jin Ingilishi balle ya kira ta da wannan suna. Na riga na yi magana da mai motar da ke zuwa can ranar kasuwa. Wani lokaci nakan ce ma gara haka. Me lakwal za ta ba ta? Ni da na zo na ɗaya, ga inda ta ajiye ni, a bakin rijiya ina jifan awaki. Ita da ke da i'ina, mace, 'yar talaka, a aji mai yara ɗari da malamin da shi kansa yake buƙatar malami, ina za ta kai? Ƙarya ce muke yi wa yaran nan, muna tashinsu da sassafe muna cewa su je su zama wani abu. Gara ta san gaskiya tun yanzu, da ta san ta tana da furfura kamar ni.

Amma kuma idan na wuce ta ƙofar ɗakin na ga jakarta a rataye, ta wanke ta, ta jera kayenta a ciki kamar mai shirin fita gobe, sai in rasa abin da ke mini daɗi. Ban tambaye ta ba. Ko na tambaya ba za ta amsa ba.

Ki gaya mini, Hajiya. In sa ta a motar nan in huta, ko in je in zubar da ɗan abin da ya rage mini a gaban yara?

Tsohon Ɗalibi, Matamaye

*

Wa alaikumus salam, Baba.

Na karanta wasiƙarka, na ajiye, na sake ɗauka. Zan fara da amsar tambayarka don kada ka jira: ka je ka sallami mai motar nan yau. Kada Anisa ta tafi Kurni a wannan hali.

Kana da gaskiya a abu babba. An zalunci yarinyar nan. Bai halatta malami ya ɗauki lalurar da Allah ya ɗora wa yaro ya mayar da ita darasi ba, kuma sa ta ta riƙa faɗa da bakinta ya fi komai muni. Ka ji abin da sauran manya ba su ji ba, ka tashi. Da ba ka san Ingilishi ba, da har yau ana yi ana sa albarka. Karatunka ya yi amfani a ranar, ko da kai ba ka ga haka ba.

Amma ka dubi ɗaya gefen. Ban ga alamar mugunta a wurin Adnan ba, na ga rashin tunani da rashin kayan aiki. Saurayi ne baƙo, an tura shi gaban yara kusan ɗari ba littafi, an ce ya nemi misali a cikin aji. Misalin tsere ya yi masa kyau, sai ya zarce bai duba inda ya taka ba. Mai yiwuwa har yau bai san ana rera jumlarsa a bakin famfo ba, domin kai da ka je ba ka gaya masa ba.

A nan zan yi maka maganar da ba za ta yi daɗi ba, ka yi haƙuri, Baba. Ka sake karanta abin da ka rubuto game da shigarka ajin. Ka yi Ingilishi, ka gyara kurakurai, ka kunyata malami. Ba ka ce a goge jumlar ba. Ba ka ce yarinya tana shan wahala ba. Ka tafi ne saboda Anisa, da ka isa sai ka yi faɗan kanka, faɗan da ka daɗe kana neman wanda za ka yi da shi. Kuma ka sake rubuta sunanta a allo, ka sake sa aji ya karanta, aka sake yin dariya tana zaune. A wurinka yabo ne. A wurinta darasin nan ne dai aka maimaita, wannan karon da hannun mutumin da ta fi yarda da shi. Kafin ranar tana zuwa lakwal duk da tsokanar, tana daurewa. Bayan ranar ta daina. Ina ganin shi ya sa take tashi idan ka shigo.

Game da ko lakwal tana da amfani, ba zan yi maka musu a kan rayuwarka ba. An yi maka alkawari ba a cika ba, kuma ba kai kaɗai ba ne. Ni ma ba zan iya rantse maka cewa Anisa za ta samu aiki ba. Amma wannan ciwon naka ne, kada ka sa ta biya. Yarinyar da magana take yi wa wuya ta fi kowa buƙatar alƙalami. Idan ka kai ta inda babu karatu, ka raba ta da hanya ɗaya da take iya faɗar abin da ke ranta ba tare da an jira ta ba. Za ta kuma fahimci cewa ita ce abin kunyar da aka ɓoye. Jakar da ka gani a rataye ta riga ta ba ka rabin amsa.

Ga abin da nake ba ka shawara ka yi, kuma da sauri, tunda jarrabawa ta matso.

Ka fara da ita. Ka sa Iya ta zauna tare da ku. Ka gaya mata abin da mushe ya yi ba daidai ba ne, kuma kai ma ka ƙara mata nauyi, ba da nufi ba. Kada ka tsaya jiran amsa. Ka ba ta takarda da biro, ka ce ta rubuta abin da take so a yi, ta ba Iya idan ta gama. Ka gaya mata za ka je wurin malamin, don kada ta sake ganinka kwatsam.

Sannan ka nemi Adnan a masaukinsa, kai kaɗai ko da shugaban iyayen yara, kafin zaman da darakta ya kira. Ka yi masa Hausa. Ka ba shi haƙuri a kan shiga ajinsa da kunyata shi a gaban ɗalibansa, domin wannan kam ka yi, kuma gobe shi zai tsaya gaban yaran da suka buga masa tebur. Da wannan haƙurin ba ka ce ya fi ka ilimi ba, ba ka ce ya yi daidai ba. Daga nan ka gaya masa komai: famfo, sunan da aka laƙa mata, nuni da yatsa a shago, takardar da ta miƙa fara. Na fi zaton jikinsa zai yi sanyi. Idan kuka gama a tsakaninku, zaman gaban malamai zai zama gaisuwa kawai.

Kada ka fito ba tare da ka roƙi abubuwa takamaimai ba. Ya sa yara a duk azuzuwansa su soke jumlolin nan a kayensu, ya ba su wasu da babu sunan kowa: amalanke, jaki, raƙumi, abin hawa bai ƙare ba a Matamaye. Kada tsofaffin su fito a jarrabawa. Ya ba ta damar sake gwajin da ta bari. Ya daina tayar da ita karatu ita kaɗai ba shiri, ya riƙa haɗa ta da wata su karanta tare, tunda kai ka gano hakan yana sakin harshenta, kuma wannan ilimi ne da shi ba shi da shi. Sannan ya faɗa wa aji da bakinsa cewa misalin kuskurensa ne, duk wanda ya sake rera shi zai gamu da shi. Idan ya ƙi, ka kai wa darakta a rubuce ta hannun ƙungiyar iyaye, ka nemi a sauya mata aji. Idan nan ma aka toshe, akwai masu duba makarantu. Amma ka bi matakan bi da bi.

Unguwa kuma aikin Iya ne. Ta shiga gidajen layinku ta fassara wa iyaye mata abin da 'ya'yansu ke rerawa. Yawancinsu kunya za ta kama su. Ta fara da uwar Sadiyya, domin Anisa tana buƙatar abokiyar tafiya ranar da za ta koma.

A gida, idan ta fara magana kada kowa ya ƙarasa mata kalma, kada a ce ta natsu ko ta sake faɗa. A saurare ta kawai. Ku nemi mahaifinta a waya, ku sanar da uwarta, suna da hakkin su sani. Idan rashin cin abincin da shirun suka ci gaba, ku kai ta asibiti, ku kuma tambaya ko akwai mai duba matsalar magana a Damagaram. Kada ku bari ya daɗe.

Ba zan yaudare ka ba. Sunan nan ba zai mutu a mako ɗaya ba, yara ba sa sakin abin tsokana da wuri. Tana iya komawa ta dawo da kuka. Tana iya daɗewa ba ta sake binka garka ba. Kuma ranar da za ka tsaya gaban saurayin nan ka ce ya yi haƙuri, za ta yi maka ɗaci fiye da yadda kake zato. Ka ce abu ɗaya ya rage maka, ba ka taɓa sunkuyawa ba. Ni na ƙirga biyu, kuma ɗayan tana cikin ɗaki tana jira ta ga wanne za ka zaɓa.

Allah ya sassauta maka, Baba, ya ba Iya haƙuri, ya buɗe wa Anisa ƙirjinta da harshenta, ya sa ta zauna jarrabawar nan a kan kujerarta.

Hajiya Hafsatu